BrightSign HD225: shin ta cancanci kuɗinta ga mai nuna bidiyo da zane a Akra?

Bidiyon da ake nunawa a ɗakin baje kolin zane ba irin fim ɗin silima ba ne. Ba a sa lokacin farawa, ba a kulle ƙofa. Mutum kan shigo a tsakiyar magana, ya tsaya minti uku ko rabin awa, ya fita, bidiyon kuwa yana ta zagayowa daga safe har yamma, wata ɗaya ko biyu a jere. Don haka na'urar da ke kunna shi ita ce ginshiƙin aikin, ko da yake tana ɓoye a bayan majigi ko a saman silin inda ba mai ganinta. Cikin irin waɗannan na'urori, ta kamfanin BrightSign na Kalifoniya a Amurka tana daga waɗanda gidajen tarihi da gidajen zane suka fi dogara da su. Wannan sharhi a kan samfurin HD225 ne, kuma an rubuta shi ne domin masu zane da masu ɗaukar bidiyo na Nima, Maamobi, Sabon Zango da Madina a Akra, da takwarorinsu na Aboabo da Asawase a Kumasi, musamman masu son taɓa batun yaƙi da mulki da 'yanci.

Batun nan namu ne tun asali. Dakarun Hausa da Kyaftin Glover, wani jami'in Ingila, ya tara sun shiga yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. Daga irin waɗannan dakaru aka kafa rundunar 'yan sandan soja ta Gold Coast a 1879, wadda ta zama Gold Coast Regiment a 1901, kuma Hausa ce ta daɗe tana zama harshen bariki. Alhaji Grunshi na wannan runduna ne ake cewa ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a ƙasar Togo, cikin Agustan 1914. A Yaƙin Duniya na Biyu kakanninmu sun je Burma a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Ranar 28 ga Fabrairun 1948 aka harbe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da soja Odartey Lamptey a mararrabar Christiansborg a Akra, suna tattaki don neman haƙƙinsu na tsoffin soja, shekara tara kafin samun 'yanci. A gidaje da yawa na Zango har yau akwai lambar yabo a cikin adaka, da hoton kaka cikin kaki, da tsohuwar da ta riƙe labarin da bakinta. Wanda ya ɗauki wannan a bidiyo ya ɗauki amana, bai kamata ya bar na'urar da ba ta da tabbas ta wulaƙanta ta a gaban jama'a ba.

Salon da ya yi ƙarfi a wannan fage shi ne na allo fiye da ɗaya. John Akomfrah, haifaffen Akra a 1957, ya yi aiki mai allo uku a 2018 a kan sojojin Afirka da sauran ƙasashen da aka mallaka waɗanda suka yi Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka nuna shi a gidan tarihin yaƙi na Landan. Yana kuma cikin mutum shida da suka wakilci Ghana a bikin zane na Venis a 2019, tare da El Anatsui, Ibrahim Mahama, Felicia Abban, Lynette Yiadom-Boakye da Selasi Awusi Sosu. A irin wannan salo, ma'anar tana fitowa ne daga haɗuwar hotunan: allon hagu na nuna fareti, na tsakiya na nuna fuskar tsoho ya yi shiru, na dama na nuna teku. In allo ɗaya ya riga sauran da rabin daƙiƙa, abin da mai aikin ya nufa ya lalace, mai kallo kuma ba zai san dalilin da ya sa abin bai ratsa shi ba.

Ita HD225 ƙaramar akwati ce ta alminiyam, faɗinta bai wuce na ƙaramin littafi ba. Ba ta da fanka, jikinta ne ke fitar da zafi, wanda hakan alheri ne a garin da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina. Tana da kafar HDMI zuwa majigi ko talabijin, da kafar wayar sadarwa ta Ethernet, da kafar sauti mai milimita 3.5, da wurin sa memori na microSD, da jerin ƙananan kafofi da ake kira GPIO inda ake haɗa maɓalli ko na'urar jin motsi. Da adafta mai volt 12 take aiki, wutar da take ci kaɗan ce ƙwarai. Tana ɗaukar bidiyo har 4K. 'Yar'uwarta HD1025 ita ce aka ƙara wa USB da kafar siriyal, ƙanwarta LS425 kuma a 1080 ta tsaya. Ba ta da rimot, ba ta da maɓallin kunnawa.

Rashin maɓallin nan shi ne babban abin da ake saye. A zuba fayil ɗin bidiyo kai tsaye a memori, ba cikin wata folda ba, a sa memorin, a jona wuta. Cikin kamar minti ɗaya bidiyo zai fara, in ya ƙare ya koma farko. In fayilolin sun fi ɗaya tana bin su bisa jerin haruffan sunansu, don haka a sa musu 01, 02, 03 a gaba. In aka ɗauke wuta aka dawo da ita, ta tashi da kanta ta ci gaba, ba sai an kira wanda ya haɗa kayan daga Kasoa ya kamo tirotiro ba. Duk wanda ya rayu a Akra ko Kumasi a shekarun dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ya san darajar wannan. Laftof ba ta yin haka: ta nemi kalmar sirri, ta fito da sanarwar sabunta manhaja a kan fuskar tsohon soja, ko a wayi gari an ɗauke ta. Filashi a jikin talabijin kuma galibi yakan nuna sunan fayil da alamar kunnawa duk lokacin da bidiyon ya zagayo, kuma bayan ɗauke wuta sai an bi da rimot.

Sai dai akwatin kaɗai ba ya wadatarwa, don in ta tashi majigin bai tashi ba, bango ne kawai za a gani. A shiga saitin majigi a kunna zaɓin da ke sa shi kamawa da zarar wuta ta shigo. A majigin Epson sunansa Direct Power On. A kashe masa barcin da yake shiga in bai ga hoto ba na wasu mintuna, a mayar da allon jiransa baƙi maimakon shuɗi ko tambarin kamfani. Majigi mai ƙwan fitila ba ya son a yanke masa wuta yana da zafi, yakan ƙi kamawa sai ya huce, kuma yawan hakan na rage wa ƙwan kwana. Mai hasken leza, wanda masu ƙera shi kan ba shi awa 20,000, ya fi jure wannan. Ga lissafin UPS, wato batirin da ke riƙe kaya in an ɗauke wuta: majigi mai ƙarfin haske lumen 4,000 yakan ci tsakanin watt 250 zuwa 350. Uku sun kusa watt 1,000 ke nan, ga amfilifaya, ga akwatuna. UPS mai VA 1,500 yawanci watt 900 zuwa 1,000 take iya ɗauka, saboda haka ta yi kaɗan. A nemi mai VA 2,000 zuwa 3,000. Aikinta ta riƙe kayan mintunan da za a tada janareta ne kawai. Kuma kada a jona na'urar sanyaya ɗaki a layi ɗaya da majigi, don duk lokacin da injinta ya tashi wutar kan yi ƙasa, hoton ya ƙyafta.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen shirya fayil. Masu tace bidiyo kan fitar da aikinsu a tsarin ProRes don ingancinsa, HD225 kuwa ba ta karanta shi. Abin da take so shi ne H.264 ko H.265, cikin MP4 ko MOV. Don 1080, megabit 15 zuwa 25 a daƙiƙa ya isa, kuma tsayayyen adadi ya fi mai hawa da sauka. A megabit 20, minti ɗaya yana cin megabait 150, rabin awa gigabait 4.5. Wannan adadi yana da muhimmanci, domin memorin da aka tsara a FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce gigabait 4. A tsara shi a exFAT tun farko. Memorin kansa galibi daban ake sayensa. A ɗauki mai gigabait 32 ko 64 na kamfanin da aka sani, irin wanda aka yi don kyamarar tsaro, tunda zai yini yana aiki. Jabun memori ya cika kasuwannin duniya, yakan nuna gigabait 64 alhali cikinsa bai kai haka ba, sai bidiyo ya tsaya a wuri guda kullum. Ko a ina aka saya, a gwada shi da manhajar H2testw, kyauta ce, tana cika memorin ta karanta ta faɗi gaskiyar girmansa.

Sai adadin firam. Wutar Ghana volt 230 ce, hertz 50, shi ya sa firam 25 a daƙiƙa ya fi dacewa da ɗaukar hoto a nan. Wanda ya ɗauka a firam 30 ƙarƙashin fitilar ɗaki yakan ga haske na rawa a hoton. In bidiyon firam 25 ne, a saita akwatin ta fitar da hoto a 1080 mai hertz 50. In aka bar ta a 60, duk inda kyamara ta juya a hankali za a ga hoton na ɗan tsalle. Wayar hannu kuma tana canza adadin firam da kanta tana cikin ɗauka, wanda ke sa baki da murya su rabu bayan wasu mintuna. A bi da fayil ɗin ta manhajar HandBrake a tsayar da adadin.

Tsoffin hotunan yaƙi suna buƙatar kulawa ta musamman, kuma nan ne mutuncin aiki ke tsayawa ko ya faɗi. Fim ɗin zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya da hannu aka juya kyamararsa, kusan firam 16 zuwa 18 a daƙiƙa. In aka kunna shi a 24 ko 25 ba gyara, sojojin za su riƙa tafiya da sauri-sauri kamar wasan barkwanci, yara su fashe da dariya a gaban mutanen da ke tafiya bakin mutuwa. A rage saurin tun wajen tacewa har tafiyar ta koma ta ɗan'adam. Haka kuma siffar tsohon hoto 4:3 ce. Kada a miƙa shi don ya cika allo mai faɗi, fuskoki za su kumbura. A bar baƙi a gefe biyu. Akwatin tana da zaɓin cika allo da zaɓin barin siffar yadda take, a tabbatar na biyun aka ɗauka. Wanda ya ɗebo irin waɗannan hotuna daga intanet ya sani da yawansu suna da masu su, gidan tarihin yaƙi na Landan ma lasisi yake bayarwa. Takardun zamanin mulkin mallaka kuwa akwai su a PRAAD, ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, a nan Akra.

Wajen komawa farko, akwatin tana iya yi ba tare da an ga gaɓa ba, amma sauti ne ke kawo cikas. Tsarin AAC da yawancin MP4 ke ɗauke da shi yana sa ɗan shiru a farkon fayil, sai a ji ƙyas ko ɗan yankewa duk zagaye. Mafita biyu ce: ko a fitar da MOV mai sautin PCM, ko a fara bidiyon a ƙare shi da daƙiƙa biyu na duhu da shiru. Ga aikin da ke da hira da tsofaffi ta biyun ta fi, don mai kallo na buƙatar sanin inda magana ta fara.

Yanzu ga allo uku, dalilin da zai sa mutum ya kashe wannan kuɗi. Ana buƙatar akwati uku iri ɗaya, manhajar cikinsu ma lamba ɗaya, da ƙaramin suwic na sadarwa mai kafa biyar, da wayar sadarwa ta Cat6 guda uku. Ba a buƙatar intanet. A manhajar BrightAuthor:connected, wadda kyauta ce kuma tana aiki a Windows da Mac, ana shirya gabatarwa uku: ɗaya jagora, biyu mabiya. Jagorar ce ke aika kalmar farawa ta waya, mabiyan na jira, agogonsu kuma na daidaita da nata. A firam 25, firam guda milisakan 40 ne, kuma in an shirya daidai allunan ba sa rabuwa da abin da ido zai kama ko an yini. Abin da ke ɓata shi sananne ne. Fayilolin uku dole tsawonsu ya zama ɗaya har firam na ƙarshe, tsarinsu ma ɗaya. A fitar da su daga jadawalin tacewa guda. Kalmar farawa dole ta zama ɗaya harafi da harafi a duka ukun. In ba rauta a layin, wato na'urar da ke raba adireshi, a ba kowace akwati tsayayyen adireshin IP, lambar da ake gane ta da ita a layin, da hannu. In jagora ta riga mabiya tashi bayan ɗauke wuta, mabiyan na iya rasa kiran farko su zauna a duhu har zagaye na gaba, wanda a bidiyon rabin awa dogon jira ne. Maganinsa a sa wa jagora baƙin allo na daƙiƙa 20 zuwa 30 kafin ta fara kira, suwic ɗin kuma ya kasance a kan UPS ɗaya da su. Sauti daga akwati ɗaya kawai za a ɗauka. Majigin uku su ma su zama samfuri ɗaya da saiti ɗaya, don kowane samfuri yana da nasa ɗan jinkirin sarrafa hoto da nasa launi.

A nan ne kuma raunin kayan yake. An gina manhajar ne da tunanin allunan talla na banki da filin jirgi, cike take da zaɓuɓɓukan da mai zane ba ya buƙata, kuma da Turanci take. Wanda bai taɓa saita adireshin IP ba zai sha wuya a ranar farko. In abu ya lalace, akwatin ba ta yin bayani a allo sosai, jar fitilar da aka rubuta wa Err ce ke ƙyaftawa, sai an ƙirga an duba ma'anar a shafin kamfanin. Kada kowa ya karɓi kayan nan ana gobe buɗe nuni. A ware mako guda, a haɗa komai a ƙasa, a bar shi ya kwana yana aiki, a zare filogi da gangan sau da yawa a ga yadda zai dawo.

Wayar HDMI ta yau da kullum takan fara ba da matsala in ta wuce mita 10: ɗige-ɗigen fari, ko hoto ya ɗauke ya dawo. Tunda akwatin ƙarama ce, a ɗaure ta kusa da majigi da waya mai mita ɗaya ko biyu, a bar Cat6 ta yi doguwar tafiyar, ita tana kai mita 100. Kada a ɗora akwatin a bakin inda majigi ke fitar da iska mai zafi.

Duk wannan bai taɓa babbar matsalar nunin da ya haɗa bidiyo da zanen fenti ba, wato haske. Zane na son haske, majigi na son duhu, kuma ba akwatin da za ta sasanta su. Majigi ba ya jefa baƙi. Baƙin da ake gani a hoto launin bangon ne da hasken ɗakin da ya faɗa masa. Ɗauki hoto mai faɗin mita 4 da tsayin mita 2.25, murabba'in mita 9 ke nan. Majigi mai lumen 4,000 zai ba da kusan luks 440 a kansa, luks kuwa ma'aunin hasken da ya faɗa kan wuri ne. In hasken ɗaki da ke faɗa wa bangon luks 50 ne, fari ya fi baƙi da kusan ninki goma kacal, hoton dare da fuskar baƙar fata a inuwa duk su zama toka-toka. In aka rage shi zuwa luks 5, bambancin ya haura kusan ninki 90. Ga shi kuwa ƙa'idar da masu adana kayan tarihi suka daɗe suna bi ita ce kusan luks 200 ga zanen mai da na akirilik, luks 50 ga aikin takarda. Ƙara ƙarfin majigi yana da tsada. Rage hasken da ke kai wa bango yana da araha.

Abin yi shi ne kafinta ya tada bangon filawud mai tsayin mita 2.4 ko har silin, ya raba ɗakin, a yi mashiga mai lanƙwasa ta yadda haske ba zai miƙe ya shiga ba. A shafa wa gefen bidiyo fenti mai duhu marar sheƙi, har silin in an samu dama, don farin silin yana mayar da hasken majigi kan hoton. Bangon da za a haska a goge shi sumul, a shafa fari ko toka mai haske, shi ma marar sheƙi. Fenti mai sheƙi yana fitar da tabon haske a tsakiya. A gefen zane a yi amfani da fitilun LED masu tattara haske wuri guda, masu launin haske kelbin 3,000 zuwa 4,000, masu lambar CRI, wato ma'aunin fito da launi yadda yake, 90 ko sama, a karkata su kusan digiri 30 daga tsaye don kada fenti ya ƙyalla, a juya bayansu ga bidiyon. Tsakiyar zane ta kasance santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa. In ɗakin ƙarami ne ba halin rabawa, a haƙura da majigi a sa talabijin mai inci 55 ko 65, shi yana jure haske, akwatin kuma tana aiki da shi daidai. A duba lambar tazarar jifa, wato nisan da majigi ke buƙata daga bango gwargwadon faɗin hoto, kafin saye: majigi mai lamba 1.5 yana son mita 6 don hoton mita 4, mai lamba 0.5 mita 2 ya ishe shi, kuma masu kallo ba sa shiga gabansa su yi inuwa. Wanda zai nuna wasiƙar soja ko rubutun ajami, irin waƙoƙin da Alhaji Umaru na Kete Krachi ya yi kan zuwan Nasara, gara ya rataye kwafi mai kyau ya bar na asali a gida.

Ɗakin da aka toshe don duhu yana tara danshi. Fumfuna kan fara kama kyallen zane in danshin iska ya daɗe sama da kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, kuma a Akra lokacin damina, daga Afrilu zuwa Yuli, wuce wannan ba wuya. A sa ƙaramin ma'aunin danshi a ɗakin. A liƙa ɗan toshe mai kaurin santimita ɗaya ko biyu a kusurwoyin bayan kowane zane don kada ya manne da siminti, a guji bangon da ruwa ke duka daga waje. A Jamestown da Osu da La iskar teku na sa kafofin waya tsatsa, a riƙa duba su. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma ƙura ce: matatar majigi a share ta duk mako, in ba haka ba ya yi zafi ya kashe kansa, a ɗora wa akwatin laifin da ba nata ba.

Sautin da ke fita daga kafar 3.5 na layi ne, ba ya tuƙa sifika kai tsaye, sai mai amfilifaya a cikinta. Sifikar jikin majigi ba ta dace da muryar tsoho ba ko kaɗan. A ɗakin siminti da tayil murya kan yi amsa-kuwwa har a kasa gane magana. Darduma a ƙasa da labule mai kauri a bango biyu suna gyara wannan fiye da sayen babbar sifika. A sa sifikun kusa da allo, daidai kunnen mai zaune, a rage ƙara, don ƙarar bindiga da ta tsallaka gefen zane tana hana mutane tsayawa. Kafofin GPIO suna da amfani guda da ya dace da unguwanninmu: ana iya haɗa maɓalli ɗaya a teburin mai tsaro, a shirya shi ya kashe sauti in an kira salla, a sake dannawa ya dawo. Masu shirin nunawa a waje da lasifika a Akra su tuna da wata gudan da masarautar Ga ke hana kiɗa da hayaniya kafin bikinsu na Homowo, wajen Mayu zuwa Yuni.

Fassarar magana a ƙasan allo a ƙona ta cikin bidiyon tun wajen tacewa, kada a bar ta a fayil daban. A zaɓi nau'in rubutu mai haruffa masu lanƙwasa, irin Noto Sans ko Andika, in ba haka ba ɗ da ƙ da ɓ su fito a matsayin ƙananan akwatuna. Layi biyu ya isa, kowane bai wuce harafi 40 ba. Kuma kafin a haska fuskar wani dattijo a bango mai mita 4, a nuna wa iyalinsa aikin su amince.

To, wa ya kamata ya saya? Kowace akwati ɗaruruwan daloli ce kafin kuɗin kawowa da na kwastan, uku kuma kuɗi ne na gaske in aka juya su sidi. Mai nunin kwana biyu, ko mai rumfa a bikin zanen titi na Chale Wote da zai tsaya kusa da kayansa, ba ya buƙatarta. Laftof da manhajar kunna bidiyo ta VLC sun ishe shi. Mai allo ɗaya da ke da ɗan'uwa masanin kwamfuta zai iya amfani da ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, wadda samfurinta na 4 ya fito a 2019 a kan dala 35, sai dai memorinta kan lalace in ana yawan yanke mata wuta ba a mayar da shi na karatu kawai ba, daidaita allo uku da ita kuma aikin gwani ne. Amma ga nunin da zai yi mako uku zuwa sama, ko mai allo biyu ko uku, ko wanda za a kai Kumasi ko Tamale a bar shi a hannun wasu, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Kayan ba sa tsufa da wuri, don haka ya fi ma'ana ƙungiya ta saya ta riƙa ba mambobinta aro, irin ƙungiyoyin masu zane na Nima ko ɗaliban sashen zane na jami'ar KNUST ta Kumasi, da a ce kowa ya sayi nasa.

Ba kaya ba ne da ake samu a kowane shago, yawanci sai an yi oda ta dillalan kayan sauti da majigi ko ta hannun matafiyi. A tambayi mai sayarwa ko adaftar na da kan filogi mai ƙafa uku irin na Ingila da muke amfani da shi, a kuma sayi adafta guda ta ajiya, don ita ce ke fara ƙonewa in wuta ta yi tsalle. In ta hannu ce, a tabbatar tsohon mai ita ya cire ta daga asusunsa na intanet, a mayar da ita saitin masana'anta a gabanka, a kunna bidiyo a gani kafin a biya. Wayoyi da suwic da soket ana samunsu a Zongo Lane da Opera Square, a Kumasi kuma a Adum. Bayan an gama saiti, a kwafi kowane memori sukutum zuwa wani, a rubuta musu hagu, tsakiya, dama da alƙalamin da ba ya gogewa, a sa su a ambulan tare da takarda guda mai bayanin abin da mai tsaro zai fara kunnawa da safe da abin da zai kashe a ƙarshe da yamma.